Kuɗin Haraji da Zaɓin Iyaye: Tarihin Rigimar Bauca a Makarantun Amurka

Maƙalar wannan mako ta tarihi ce, kuma za ta kai mu Amurka, inda aka shafe sama da shekara 180 ana kai ruwa rana a kan tambaya guda. Idan iyaye suka ce ba za su sa ɗansu a makarantar gwamnati ba, shin kuɗin harajin da aka ware domin karatunsa zai bi shi zuwa makarantar da suka zaɓa, ko kuwa duk wanda ya fita sai ya ji da kansa?

Kafin mu shiga labarin, yana da kyau a san yadda ake ciyar da makarantun ƙasar. Mafi yawan kuɗin yana fitowa ne daga gwamnatin jiha da kuma harajin gidaje da filaye da ƙananan hukumomi ke karɓa. Abin da gwamnatin tarayya ke sakawa yawanci kimanin kashi ɗaya cikin goma ne. A bisa al'ada, yaro yana zuwa makarantar unguwar da iyayensa ke zaune. Saboda haka mai hali yana da zaɓi tun asali: ko ya sayi gida a unguwar da makarantarta ke da kyau, ko ya biya kuɗin makaranta mai zaman kanta. Talaka kuwa, inda haya ta ajiye shi nan ɗansa zai yi karatu. Abin da ake kira bauca takarda ce da gwamnati ke bai wa iyaye a madadin wani adadi na kuɗi, su kai ta makarantar da suka ga dama, makarantar ta je ta karɓi kuɗin.

Mafarin rigimar: wane Baibul za a karanta?

A 1837 aka naɗa Horace Mann sakataren hukumar ilimi ta jihar Massachusetts. Shi ne ya yi fice wajen yaɗa ra'ayin makarantar kowa da kowa, wadda za a gina da haraji, ɗan attajiri da ɗan lebura su zauna a benci ɗaya. Aka ce makarantar ba ta wata ɗarika ba ce, amma a aikace ana karanta fassarar Baibul ta Sarki James, wadda 'yan Furotesta ke amfani da ita, ana kuma rera waƙoƙin ibadarsu. Tun da su ne mafi rinjaye, ba su ga wani abin magana a ciki ba.

Waɗanda abin ya tsaya wa a rai su ne 'yan Katolika, musamman baƙin da ke kwararowa daga Ailan da Jamus. A 1840 Bishop John Hughes na birnin New York ya nemi a bai wa makarantun Katolika kasonsu daga kuɗin ilimi. Hujjarsa ita ce mabiyansa suna biyan haraji kamar kowa, amma ana amfani da harajin wajen koya wa 'ya'yansu abin da ya saɓa wa aƙidarsu. Ba a ba shi ba. Dokar da jihar ta yi a 1842 ma sai ta hana kuɗin jama'a shiga duk makarantar da ke koyar da aƙidar wata ɗarika. A 1844 gardamar Baibul ta rikiɗe ta zama tarzoma a birnin Philadelphia, aka rasa rayuka, aka ƙone cocin Katolika guda biyu.

A 1875 wani babban ɗan majalisar tarayya, James Blaine, ya kawo ƙudirin gyara kundin tsarin mulkin ƙasa domin haramta bai wa makarantun addini kuɗin haraji. A shekarar da ta biyo baya majalisar wakilai ta amince da ƙuri'a 180 da 7, amma a majalisar dattawa bai sami kashi biyu cikin uku da ake buƙata ba. Ƙudirin ya faɗi a tarayya, sai ya tsira a jihohi. Sannu a hankali sama da jihohi 30 suka sa irin wannan sharaɗi a kundinsu, kuma har yau ana kiran waɗannan sassa da sunan Blaine.

Da 'yan Katolika suka ga babu ci, sai suka koma ga aljihunsu. A taron manyan limamansu na birnin Baltimore a 1884 aka umarci kowace coci ta gina makaranta. Da kuɗin baiko da aikin mata masu zaman zuhudu, waɗanda ke koyarwa a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, suka kafa makarantun da zuwa tsakiyar shekarun 1960 ke ɗauke da yara sama da miliyan 5. Duk tsawon wannan lokaci kukansu ɗaya ne: muna biya sau biyu, haraji a can, kuɗin makaranta a nan.

An ma taɓa yunƙurin toshe ƙofar fitar gaba ɗaya. A 1922 masu zaɓe a jihar Oregon, tare da goyon bayan ƙungiyar Ku Klux Klan, suka amince da dokar da ta tilasta wa yara 'yan shekara 8 zuwa 16 zuwa makarantar gwamnati kawai. Wata ƙungiyar mata masu zaman zuhudu da wata makaranta mai horo irin na soja suka kai ƙara. A 1925 Kotun Ƙoli, baki ɗayan alƙalanta, ta soke dokar a shari'ar da ake kira Pierce, tana mai cewa yaro ba mallakin gwamnati ba ne, iyayen da suka raine shi suna da haƙƙin tsara tarbiyyarsa. Daga ranar aka tabbatar da 'yancin fita. Wanda zai biya kuɗin fitar kuwa, hukuncin bai ce komai a kansa ba.

Akwai wani ɗan reshe da ya girma a gefe ba tare da hayaniya ba. Tun 1869 a jihar Vermont, da 1873 a jihar Maine, ƙananan garuruwan da ba su da ƙarfin gina sakandare sukan biya wa 'ya'yansu kuɗin karatu a makarantar wani gari, ta gwamnati ko mai zaman kanta. Larura ce ta haifar da tsarin. A riƙe sunan Maine, za mu dawo kanta.

Friedman da ra'ayin kasuwa

A 1955 masanin tattalin arziki na Jami'ar Chicago, Milton Friedman, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel a 1976, ya wallafa wata maƙala a kan rawar da ta dace gwamnati ta taka a harkar ilimi. Ya raba abubuwa biyu da mutane suka saba ɗauka a matsayin abu guda: biyan kuɗin karatu da gudanar da makaranta. Ya yarda cewa gwamnati ta biya, domin amfanin yaron da ya iya karatu da rubutu bai tsaya a gidansu ba, yana shafar kowa. Amma wannan, in ji shi, bai wajabta mata zama mai makarantar ba. Ta bai wa iyaye bauca, ta gindaya mafi ƙarancin sharuɗɗa kamar yadda take duba tsabtar gidajen abinci, sannan ta bar makarantu su yi gasa. Wadda ta kyautata za ta cika, wadda ta yi sakaci za a watse a bar ta. Ya kawo misali da tallafin da aka bai wa tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Biyu a ƙarƙashin dokar 1944, inda soja ke ɗaukar tallafinsa ya kai kwalejin da ya zaɓa.

Ra'ayin ba sabo ba ne ƙal. Thomas Paine a ƙarshen ƙarni na 18 da John Stuart Mill a 1859 duk sun kawo shawara mai kama da haka. Abin da ya bambanta na Friedman shi ne lokacin da ya faɗo. Shekara guda kafin nan, ranar 17 ga Mayu 1954, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin Brown, wanda ya haramta raba makarantun gwamnati tsakanin farar fata da baƙar fata. Waɗanda suka fara rungumar bauca hannu bibbiyu ba masana tattalin arziki ba ne, 'yan siyasar Kudu ne da ke neman hanyar kauce wa wannan hukunci. Shi kansa Friedman ya lura da haka, har ya yi bayani a ƙasan shafi cewa bai yarda gwamnati ta tilasta rabuwa ba, bai kuma yarda ta tilasta cuɗanya ba.

Gundumar da ta rufe makarantunta

Babu inda wannan babi ya fito fili kamar gundumar Prince Edward ta jihar Virginia. A garin Farmville akwai sakandaren baƙaƙen fata mai suna Moton, wadda aka gina domin ɗalibai 180 amma ake cusa kimanin 450. Da cunkoso ya yi yawa, sai hukuma ta kafa wasu rumfunan katako da aka lulluɓe da takardar kwalta. Ranar 23 ga Afrilu 1951 wata ɗaliba 'yar shekara 16, Barbara Johns, ta jagoranci 'yan uwanta suka ƙaurace wa aji. Ƙarar da ta biyo bayan wannan yajin tana cikin guda biyar da aka haɗa suka zama shari'ar Brown.

Bayan hukuncin, Sanata Harry Byrd ya yi kiran a yi turjiya ta gama-gari, majalisar jihar kuma ta tanadi tallafin kuɗin makaranta ga iyayen da ba sa son 'ya'yansu su haɗu da baƙar fata. A 1959, da kotu ta matsa wa gundumar Prince Edward, sai shugabanninta suka ƙi ware ko sisin kwabo ga makarantun gwamnati. Aka sa kwaɗo aka rufe su duka. Turawan gundumar suka buɗe makaranta mai zaman kanta ta fararen fata zalla, daga bisani aka fara tallafa wa iyayenta da kuɗin jiha da na gunduma, tare da rangwamen haraji ga masu ba ta gudummawa.

Yaran baƙar fata kimanin 1,700 aka bari a waje. Wasu aka tura su gidajen dangi a wasu gundumomi, wasu ƙungiyoyin addini suka samo musu masauki a jihohi masu nisa, wasu suka riƙa taruwa a coci ana koya musu abin da ya sawwaƙa. Da yawa ba su sami komai ba. Sai a 1963 aka buɗe musu makarantun wucin gadi da kuɗin gudummawa. Ranar 25 ga Mayu 1964, a shari'ar Griffin, Kotun Ƙoli ta ce rufe makarantun ya saɓa wa tsarin mulki. Yaron da ke da shekara shida lokacin da aka rufe, ya kai sha ɗaya kafin a buɗe. Kafin ƙarshen shekarun 1960 kotunan tarayya sun rushe irin wannan tallafi a Virginia da Louisiana da sauran jihohin da suka gwada shi. A 2004, bayan shekara 40, jihar Virginia ta kafa asusun tallafin karatu ga waɗanda aka zalunta a wancan lokaci, alhali mafi yawansu sun yi furfura.

Wannan tabo ne da bauca ba ta rabu da shi ba. Duk lokacin da aka tayar da maganar, masu adawa sukan tuna da Prince Edward, kuma suna da hujjar yin haka.

Daga hannun masu wariya zuwa hannun talakawa

Abin mamaki, ba a daɗe ba ra'ayin ya sake ɓullowa ta wata kusurwa. A 1970 masanin zamantakewa Christopher Jencks na Jami'ar Harvard ya tsara wa gwamnatin tarayya bauca mai takunkumi: ta ɗan talaka ta fi tsoka, makaranta ba za ta nemi ƙarin kuɗi a kanta ba, idan masu neman gurbi suka yi yawa a cike wani kaso da ƙuri'a. An gwada wani abu mai kama da ita daga 1972 a yankin Alum Rock na jihar California, amma aka taƙaita ta ga makarantun gwamnati, don haka gwajin bai warware gardamar ba.

Inda abin ya kankama shi ne birnin Milwaukee na jihar Wisconsin. A can an shafe shekaru ana ɗiban yaran baƙar fata a motocin bas zuwa unguwanni masu nisa da sunan cuɗanya, amma sakamakon karatunsu bai gyaru ba. Wata 'yar majalisar jiha baƙar fata, Annette Williams, wadda aka fi sani da Polly, ta ce ta gaji da jiran gyara. 'Yar jam'iyyar Democrat ce, ita ta jagoranci yaƙin neman zaɓen Jesse Jackson a jihar a 1984 da 1988, kuma ta taɓa rayuwa a kan tallafin gwamnati tana renon 'ya'yanta. Ta haɗa kai da gwamna Tommy Thompson na jam'iyyar Republican, duk da adawar ƙungiyar malamai da manyan jam'iyyarta, aka kafa shirin a 1990.

Shirin ya fara da ƙanƙanta da kuma tsauri. Sai iyalin da abin da suke samu bai wuce kashi 175 cikin 100 na ma'aunin talauci ba. Yawan yaran kada ya wuce kashi 1 cikin 100 na ɗaliban birnin. Makarantun addini ba sa ciki. A shekarar farko yara 341 ne suka shiga makarantu 7, kowanne da baucar kimanin dala 2,500. A 1995 aka buɗe ƙofa ga makarantun addini, kotun ƙolin jihar ta amince a 1998, shirin ya bunƙasa har ya kai dubun-dubatar yara, a makarantun Katolika da na Lutheran har da na Musulmi. Amma da aka ɗaga iyakar samun kuɗi zuwa kashi 300 cikin 100 a 2011, Polly Williams ta fito ta soki matakin. A ganinta an karkatar da abin da ta yi domin talakawa zuwa ga waɗanda ba su buƙace shi ba. Ta rasu a 2014.

Kotun Ƙoli ta buɗe ƙofa

Tsarin mulkin Amurka ya hana gwamnati kafa addini. To idan bauca ta shiga makarantar coci, an karya wannan ƙa'ida? Amsar ta fito daga birnin Cleveland na jihar Ohio, inda aka kafa shiri a 1995 bayan makarantun birnin sun taɓarɓare har kotun tarayya ta miƙa su ga jiha. Baucar ba ta wuce dala 2,250 ba, kuɗin da galibi makarantun coci ne kawai ke iya karɓa su wadatu. Shi ya sa kashi 96 cikin 100 na yaran shirin suka kasance a makarantun addini.

Ranar 27 ga Yuni 2002, a shari'ar Zelman, alƙalai 5 suka rinjayi 4. Babban Alƙali William Rehnquist ya ce tun da gwamnati iyaye take bai wa kuɗin ba tare da duba addini ba, su kuma suke zaɓa da kansu, to zaɓin na iyaye ne. Alƙalai huɗun suka ce ina zaɓi yake idan kusan duk guraben da kuɗin zai iya saye na coci ne?

Saura kundin jihohi. A 2006 kotun ƙolin Florida ta soke shirin baucar jihar, a 2009 ta Arizona ta yi haka. Sai masu goyon baya suka sauya dabara. Ɗaya ita ce rangwamen haraji, wanda Arizona ta fara a 1997: mutum ya bai wa wata ƙungiyar tallafin karatu gudummawa, a cire masa daidai adadin daga harajinsa, ta yadda kuɗin bai taɓa shiga baitulmali ba. Ta biyu ita ce asusun ilimi, wanda Arizona ta ƙirƙiro a 2011 domin yara masu buƙata ta musamman: a zuba kimanin kashi 90 cikin 100 na abin da jiha za ta kashe wa yaro a wani asusu, iyaye su biya kuɗin makaranta, ko malamin gida, ko littattafai.

Daga nan Kotun Ƙoli ta ƙara matsawa. A 2020, a shari'ar Espinoza daga jihar Montana, ta ce ba dole ne jiha ta tallafa wa makarantu masu zaman kansu ba, amma idan ta yi, ba za ta ware wata don kawai ta addini ce ba. A 2022, a shari'ar Carson, ta yanke irin wannan hukunci a kan tsohon tsarin nan na Maine, wadda ta cire makarantun addini tun farkon shekarun 1980. Abin da Bishop Hughes ya nema aka hana shi a 1840, shi ne doka ta tabbatar bayan shekara 182.

Bauca ga kowa

Rufe makarantu a lokacin annobar korona ya fusata iyaye da yawa, ya kuma ba masu wannan fafutuka dama. Jihar West Virginia ta yi doka mai faɗi a 2021. A 2022 gwamna Doug Ducey ya sa hannu a dokar da ta buɗe asusun Arizona ga kowane yaro, mai kuɗi da talaka, a kan kimanin dala 7,000 a shekara. Florida da Iowa da Utah da Arkansas suka bi sahu a 2023. A watan Mayun 2025 gwamna Greg Abbott na Texas ya sa hannu a shirin dala biliyan 1.

Sai dai ƙididdigar farko ta hukumar ilimin Arizona ta nuna mafi yawan waɗanda suka fara nema ba su fito daga makarantar gwamnati ba. Dama suna makarantun kuɗi ko suna karatu a gida. Wato jiha ta ɗauki nauyin da a da iyaye ke ɗauka, kuɗin shirin ya zarce hasashen farko nesa ba kusa ba. Wani abin lura kuma, idan aka kai maganar gaban masu zaɓe kai tsaye, takan sha ƙasa. Haka aka yi a Utah a 2007, da Arizona a 2018, da Kentucky da Nebraska da Colorado a 2024. Cikin masu ƙi har da mutanen karkara 'yan Republican, waɗanda a garuruwansu babu wata makaranta sai ta gwamnati, ita ce mai ɗaukar ma'aikata, a filinta ake wasan ƙwallo, a zaurenta ake taro.

Me bincike ya nuna?

Kowane ɓangare yana da abin kamawa. A birnin Washington, rahoton 2010 kan shirin da majalisar tarayya ta kafa a 2004 ya nuna kashi 82 cikin 100 na waɗanda aka bai wa tallafin sun kammala sakandare, idan aka kwatanta da kashi 70 na waɗanda ƙuri'a ba ta faɗa kansu ba, ko da yake makin jarrabawa bai nuna bambanci mai ƙarfi ba. A Florida an ga ɗan ci gaba a makarantun gwamnati da ke fuskantar gasa. A Louisiana kuwa, bayan faɗaɗa shirin a 2012, makin lissafin yaran da suka koma makarantu masu zaman kansu ya faɗi ƙasa warwas a shekarar farko, kuma an ga koma-baya a lissafi a Indiana da Ohio. Ɗaya daga cikin bayanan da masana suka bayar shi ne makarantun da suka fi buɗe ƙofa a Louisiana su ne waɗanda dama ɗalibai ke guje musu. Iyaye kuma, a mafi yawan binciken, sukan ce sun fi gamsuwa, musamman ta fuskar tsaro da tarbiyya.

Akwai kuma lissafin waɗanda aka bari a baya. Idan yara biyu suka fita daga kowane aji, kuɗinsu ya bi su, amma albashin malami da kuɗin wuta da gyaran rufi ba su ragu ba. Makarantar gwamnati wajibi ne ta karɓi duk yaron da ya zo, mai naƙasa da mai rauni a karatu da mai taurin kai. Mai zaman kanta a jihohi da yawa tana iya tacewa, tana kuma iya neman ƙari a kan baucar. A irin wannan hali, wa ya yi zaɓin, iyaye ko makaranta? Masu goyon baya su kuma suna tambaya: yaron da ke makarantar da ta gaza shekara da shekaru, har yaushe zai jira gyara, alhali ɗan mai kuɗi bai jira ko kwana ɗaya ba?

Waiwaye zuwa wasu ƙasashe

Ƙasar Holan ta yi irin wannan rigima tsawon shekaru, ta kashe ta a 1917 da yarjejeniyar da ta sa gwamnati ke ciyar da makarantun addini daidai da nata. Yau kimanin kashi biyu cikin uku na 'yan firamaren ƙasar suna makarantun da ba gwamnati ke gudanarwa ba, har da na Musulmi tun 1988. Amma kuɗin yana tafe da igiya: ƙa'idar cancantar malamai ɗaya ce, akwai matakan karatu da kowa zai cimma, sufetocin gwamnati suna shiga ko'ina. Chile ta ɗauki bauca a faɗin ƙasa a 1981 zamanin Janar Pinochet, da sassauci mai yawa, makarantu suka rarrabu bisa ƙarfin aljihu. A 2015 gwamnatin Michelle Bachelet ta yi dokar da ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati cin riba da tace ɗalibai, ta kuma fara janye ƙarin kuɗin da ake karɓa daga iyaye. Mu ma a Nijeriya mun ɗanɗana wani nau'in abin, domin gwamnatin mulkin mallaka ta riƙa bai wa makarantun mishan tallafi bisa sharuɗɗa, kafin gwamnatocin jihohi su karɓe da yawansu a shekarun 1970.

Abin da tarihin ya bari a gabanmu

Hannu uku ne suka riƙe wannan takarda a Amurka. 'Yan Katolika sun neme ta domin kare aƙidarsu daga rinjayen masu yawa. Masu wariyar launin fata sun yi amfani da ita domin guje wa hukuncin kotu, suka bar yara 1,700 a titi. Iyaye mata talakawa a Milwaukee sun karɓe ta domin ceto 'ya'yansu daga makarantun da suka gaza. Dukkansu kalmar 'yancin iyaye suka ɗaga. Abin da ya raba su yana cikin ƙananan sharuɗɗan doka: wa ya cancanci karɓa, nawa ne kuɗin, makaranta tana da ikon korar mai nema ko neman ƙari, wa ke duba abin da ake koyarwa, kuma me aka tanadar wa yaran da suka rage, waɗanda har yau su ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba a ƙasar. Duk dokar baucar da aka kawo, a waɗannan tambayoyi biyar ake gane inda ta dosa.

Ga tambayar tattaunawarmu ta wannan mako: da kai ne ko ke ce a kujerar Polly Williams a 1990, kun san tarihin Prince Edward sarai, kuna kuma ganin halin da yaran mazaɓarku ke ciki, za ku kawo ƙudirin? Idan za ku kawo, wane sharaɗi ne ba za ku taɓa sassautawa a kansa ba? A ajiye amsa a ƙasa tare da hujja, a kuma mutunta ra'ayin juna. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.